Tafarnuwar Likita da Zumar Kaka

A wani gida a cikin birnin Zariya an yi wata yarinya da kowa ke kira Auta, ko da yake ta girmi sunan, don har ta kai shekara ta biyu a kwaleji tana karatun adabin Turanci. Wata rana a farkon hunturu malamarsu ta shigo aji da wani littafi mai baƙin bango, ta ce kowa ya nemi nasa ya karanta, bayan mako huɗu ya kawo mata shafi uku a kan abin da ya fi ba shi tsoro a ciki, da dalili. Sunan littafin Dracula. Wani mutumin ƙasar Ailan, Bram Stoker, ya wallafa shi a 1897, lokacin yana manajan gidan wasan kwaikwayo na Lyceum a Landan. Malamar ta ƙara da cewa mutumin bai taɓa taka yankin Transylvania da ya kafa labarin a cikinsa ba, a ɗakin karatu ya tsinci duwatsunsa da ƙauyukansa. Auta ta taɓe baki, ta ce a ranta wanda bai je wuri ba ina zai tsorata ta da shi.

Ta yi fotokwafi a shagon bakin makaranta ta dawo gida. A daren babu wuta, sai ta kunna fitilar waya ta kwanta rub da ciki. Littafin ba bakin mutum ɗaya ke ba da shi ba, tarkacen takardu ne aka harhaɗa: abin da wannan ya rubuta wa kansa da dare, wasiƙar wancan, yankin jarida, har da rajistar matuƙin jirgin ruwa. Na farko na wani matashin lauya ne, Jonathan Harker, da aka aika daga Ingila ya kai wa wani basarake takardun gidan da ya saya a kusa da Landan. A garin Bistritz matar mai masauki ta durƙusa tana roƙonsa kada ya tafi, da ya ƙi ji ta rataya masa gicciye a wuya. Auta ta yi dariya. Da ya isa fadar can a kan duwatsu, sai ya lura mai gidan ba ya cin abinci, ba a ganinsa da rana, kuma duk girman gidan babu bara ko ɗaya, shi da kansa yake gyara wa baƙo shimfiɗa a ɓoye. Dariya ta ragu. Ran nan Harker yana aski a gaban ɗan madubinsa, mai gida ya dafa kafaɗarsa ta baya. Ya duba madubi, ya ga ɗaki kaf, bai ga mai dafa shi ba. Bayan kwana kaɗan ya leƙa ta taga cikin dare, ya hangi mai gidan yana sauka ta jikin bango, kai a ƙasa ƙafafu a sama, irin saukar ƙadangare.

Daidai nan iskar hunturu ta buga wani tsohon kwano a bayan ɗaki. Auta ta suri bargo ta nufi ɗakin Kaka, ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Kaka ta haura shekara 70, kuma barcinta bai da nauyi. Ta ɗago kai ta ce, “Kishiya, lafiya da tsakar dare?” Auta ta ce sauro ne ya dame ta. Kaka ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin sauron da ke korar mutum ya manta takalminsa ba, amma tun da an zo, ɗakinta ba a kwana kyauta. Duk abin da ke cikin takardar nan da aka rungumo tare da bargo, a juye mata shi da Hausa.

Haka aka fara. Kullum bayan isha'i Auta ta karanta babi ɗaya ko biyu, ta faɗa wa Kaka, Kaka kuma ta yanke hukunci. Tun daren farko ta ce ai wannan maye ne, sai dai mayen Turai ba shi da kunya, tun da sai ya kafa haƙori a wuyan mutum, alhali na nan gida daga nesa yake kama kurwa, ya gaishe ka da safe kuma. Da aka zo kan akwatuna 50 na ƙasar kabari da ya loda a jirgin ruwan Demeter daga tashar Varna, ma'aikatan jirgin suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya har jirgi ya shiga garin Whitby da gawar matuƙi ɗaure a jikin sitiyari, Kaka ta tofa a cikin rigarta ta ce, “Kurwata kur.” Amma ba ta yarda a tsaya ba. In Auta ta yi hamma sai ta zungure ta da mafici.

To, a wannan gida akwai wata magana da kowa ya sani ban da Kaka. Tun bayan babbar sallah Baba ya fara ramewa. Ga ƙishirwa ba dare ba rana, ga yawan fitsari, ga gajiya tun kafin hantsi. Aka je asibiti aka gwada, likita ya ce ciwon suga ne. Baffa, ƙanen Baba, shi ya tara mutanen gida a zaure ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya wa Inna, wato Kaka. Dalilinsa kuwa ba na banza ba ne. Ciwon nan shi ya kashe mahaifinsu, Malam: ɗan tuntuɓe ya yi a babban yatsa, ciwo ya ƙi warkewa, ya ci har sai da aka yanke ƙafa, bai kuma shekara ba bayan haka. Ga tsohuwa da hawan jini. Baffa ya ce in ta ji, sai dai a yi jana'iza biyu. Kowa ya ɗauki alkawari, har da Auta, don ita ce mai karanta takardar magani, ita ce kuma mai huda yatsan Baba kowace safiya ta ɗiga jini a na'urar gwaji ta rubuta lamba a bayan kalanda.

Umma ta tsaya tsayin daka. Aka kori sukari daga shayin Baba, aka rage masa shinkafa da burodi, aka koma wake da acca da kwaɗon zogale. Yana shan ƙwayarsa ba fashi. Likita ya ce yana so ya ga lambar safe, kafin a ci komai, ta sauko ƙasa da 130. Kwanci tashi ta fara sauka, sai kuma ta juya ta hau, yau 240, gobe 260. Likita ya ƙara ƙwaya, ya ce in aka ci gaba a haka sai an koma allurar insulin. Umma ta rantse ba ta canza komai a tukunya ba. Baba dai in ana maganar sai ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Ana nan, labari ya kai kan Lucy, budurwar da maza uku suka nemi aurenta rana ɗaya, wadda ta fara kwana lafiya ta tashi fari fat ba jini. Aka kira wani tsohon likita daga Amsterdam, Van Helsing, wanda Kaka ta raɗa wa Malam Tafarnuwa. Sau huɗu ana ɗibar jinin maza ana ƙara mata. Auta, da yake 'yar boko ce, ta tsaya ta yi bayani cewa a lokacin ba a ma san jini iri-iri ne ba, sai a 1901 wani likita a Vienna, Karl Landsteiner, ya gano haka, saboda haka sa'a kawai suka ci ba su kashe ta da ƙarin jinin ba. Kaka ta ce a bar mata Landi-wane, a ci gaba da Lucy.

A wannan daren Auta ta kasa barci. Gab da kiran assalatu ta ji motsi, ta buɗe ido ɗaya, ta ga gadon Kaka wayam. Ta leƙa ta labule. Ga wani abu fari yana ratsa tsakar gida a hankali, ba ƙarar takalmi, ya nufi turakar Baba. Cikinta ya ɗuri ruwa. Ta karanta duk abin da ya zo bakinta, har da addu'ar shiga kasuwa. Farin abu ya durƙusa a ƙofar turaka, ya ajiye wani abu, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, ya juyo. Ashe Kaka ce lulluɓe da mayafin sallarta. Auta ta koma ta kwanta ta yi lamo. Da Kaka ta shiga kewaye yin alwala, sai ta lallaɓa ta je ƙofar. Ta tarar Baba ya riga ya ɗauki kofin yana sha a tsaye, ido rufe. Ya gan ta, ta gan shi. Ta karɓi kofin ta ɗanɗana ragowar. Rubutu ne aka wanke, aka dama shi da zuma har cokali na iya tsayawa.

Baba ya yi ƙasa da murya ya ce, “Auta, uwata ce. In ce mata me?” Ya ce kusan wata biyu ke nan kullum sai ta kawo. In ya ƙi sha, sai ta tambayi dalili, dalilin kuwa an yi alkawarin ɓoye shi. Bai faɗi cewa zumar farar saƙa ce mai kyau ba, kuma mutumin da aka hana zaƙi wata da watanni ba ya rasa hujjar biyayya, amma Auta ta ga yadda ya lashe leɓe.

Shi Baba ɗan fari ne, saboda haka Kaka ba ta kiran sunansa, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta ko tambayar jikinsa a gaban mutane. In ta matsu sai ta ce “mutumin turakar nan”. Duk son da ta tara shekara da shekaru ba ta nuna ba, ashe cikin duhu take auna shi da cokali.

Auta ta kai magana wurin Baffa a shagonsa. Ya dafe kai, ya yi salati, sa'an nan ya ce abin ai mai sauƙi ne. Ta riƙa riga Baba zuwa ƙofa, ta zubar da abin, ta mayar da kofi. Kowa ya huta, tsohuwa ba ta sani ba. Auta ta ce, “Baffa, da an gaya mata fa?” Ya kalle ta ya ce karatun boko bai kai ta sanin abin da manya suka hango ba, ta yi abin da aka sa ta.

Ta yi. Kullum da asuba ta bi sawun Kaka, ta kai kofi gindin bishiyar zogale ta tuttular, tana neman gafarar Allah saboda ayoyin da ke ciki. Lamba ta fara sauka. Umma ta ce ƙarin ƙwayar ne ya karɓe shi. Amma jiki ba ya cikowa a mako ɗaya, Kaka kuwa ba lamba take gani ba, wuyan riga take gani yana yawo a wuyan ɗanta. Ta ƙara yawan zuma. Ran nan ta ga kiyashi sun yi dafifi a gindin zogale, ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce wa Auta wannan abu ya wuce ciwo. Akwai mai janye maganin daga cikinsa ya zubar a ƙasa.

Ba ta sha wahalar nemo mai laifi ba. A gidan haya na kusa akwai wata baƙuwa, mijinta ya rasu, tana tuyar ƙosai a bakin layi da safe. Kaka ta tuna cewa gab da babbar sallah matar ta gaida Baba ta ce masa Alhaji ya yi kyau ya murmure. Daga ranar ya fara zubewa. Kaka ta faɗa wa wata ƙawarta, ƙawar ta faɗa wa surukarta, kafin Juma'a yaran layi sun daina sayen ƙosai a wurin, wasu in sun wuce sai su tofa yawu su ruga. Kaka ta ce ranar Asabar za ta aika a kira matar, a kwantar da mutumin turaka a tsakar gida ta tsallake shi, ta sakar masa kurwa, ko ta so ko ta ƙi.

A daren Alhamis labari ya iso babi na 11. Van Helsing ya sa an aiko masa da furen tafarnuwa daga garin Haarlem, ya goga a ƙofa da taga, ya rataya wa Lucy a wuya, ya rufe ɗaki ruf, ya tafi bai gaya wa kowa dalili ba. Uwar Lucy tana da ciwon zuciya, likitoci sun ce ƙaramar firgita na iya kashe ta, saboda haka aka ɓoye mata komai. Cikin dare ta shiga duba 'yarta, ta ji ɗaki ya cika da wari, ta ji tausayin marar lafiya, ta kwashe furannin kaf ta buɗe taga don iska ta shiga. Da safe ta tari likitoci da fara'a tana ba su labarin taimakon da ta yi. Tana fita, tsohon likita ya zube a kujera ya fashe da kuka.

Kaka ta tashi zaune. Ta ce, “Kukan me yake yi? Shi ya kashe ta.” Auta ta ce ai Dracula ne ya sha jinin. Kaka ta ce maye aikinsa ya yi, an san shi da haka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda ya tsaga bangon nan shi ne wanda ya shigo gidan mace ya rataya wa 'yarta abu a wuya, ya fita bai ce mata uffan ba. Uwa ce fa. Ko bai faɗa mata maye ba, ya ce mata wannan magani ne, kada a taɓa. Wace uwa ce za ta ga ɗanta cikin wahala ta naɗe hannu? In ba a nuna mata abin yi ba, za ta nemo nata. Ta ja tsaki ta koma ta kwanta, ta ce Malam Tafarnuwa ilimi gare shi, hankali ne bai ishe shi ba.

Ba a jima ba ta fara minshari. Auta kuwa ido biyu.

Ta jawo bargo ta rufe kanta da fitilar waya, ta ci gaba da karatu ita kaɗai, ko za ta sami abin da zai raba mata gardama. Abin da ta samu bai yi mata daɗi ba. Bayan 'yan kwanaki wani kyarkeci da ya tsere daga gidan namun daji na Landan ya fasa tagar ɗakin Lucy da kansa, uwar tana ciki. Ta zabura, ta finciko furen da ke wuyan 'yarta, ta faɗi matacciya nan take. Auta ta rufe takarda. To ga shi, likitoci ba ƙarya suka yi ba, zuciyar ba ta ɗauki firgita ba. Baffa ma ba ƙarya ya yi ba. In ta buɗe baki gobe Kaka ta yanke jiki ta faɗi, wa zai ce littafi ne ya sa? Za a ce Auta ta kashe kakarta da baki, ta karya alkawarin da ta ɗauka a gaban iyayenta, kuma haka za a riƙa faɗa har a gaya wa 'ya'yanta.

Ta juya ɗaya gefen. In ta yi shiru fa? Jibi za a jawo baiwar Allah a tsakar gida, a kira ta mayya a gaban jama'a, kuma sunan nan in ya kama mutum ba ya sakinsa, har jikoki yake bi. Ta gaya wa Umma? Umma za ta ji cewa surukarta ce ke rushe mata aikin wata biyu, a buɗe wata sabuwar wuta. Ta koma wurin Baffa? Ta san amsarsa: a lallaɓa a ba mai ƙosai kuɗi ta yi tafiya kwana biyu, a ƙara rufi a kan rufi.

Ta sake buɗe takarda, ta tsallake babi da yawa. Ta tarar mazan labarin sun sake yin irin ta jiya. Mina, matar Harker, ita ce ta tattara duk takardunsu ta buga da keken rubutu ta jera su bisa kwanan wata, har suka gane da wa suke faɗa. Da ta gama, sai suka ce aikin ya fi ƙarfin mace, ta je ta kwanta, ba za su ƙara gaya mata komai ba don kada hankalinta ya tashi. Suka fita farautar dodo cikin dare suka bar ta ita kaɗai a ɗaki. Dodon kuwa ɗakin ya nufa.

Auta ta koma kan mutuwar uwar Lucy ta sake karantawa a hankali. Sai ta lura da abin da ya wuce ta da farko. Matar nan ba magana ce ta kashe ta ba, don har ta mutu ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata komai. Abin da ya kashe ta kan kyarkeci ne a taga, da tsakar dare, ba shiri. Auta ta tuna ranar da aka dawo da kakanta daga asibiti da ƙafa ɗaya, tana 'yar ƙarama tana leƙe ta bayan ƙofa. Ta ce a ranta, in ciwon Baba ya kai can, ba wanda zai iya zubar da wannan a gindin zogale.

Da asuba ta zubar da kofi kamar kullum. Ta jira gari ya waye, Kaka ta sha kununta, ta haɗiyi ƙwayar hawan jini, rana ta ɗan ɗumama tsakar gida. Sa'an nan ta shigo da takardu ta zauna a bakin gado, ta ce akwai wani babi da ta tsallake jiya. Kaka ta ce da safe? Ta ce ai gajere ne.

Ta ce wai a can Ingila an yi wata tsohuwa mai ɗa, ɗan fari, ba ta ko kiran sunansa. Kaka ta ce, “Turawa ma suna alkunya?” Auta ba ta amsa ba. Ta ce ɗan ya kamu da ciwo, 'yan'uwansa suka ɓoye wa tsohuwar saboda suna sonta, suna tsoron kada ta faɗi. Tsohuwa ta ga ɗa yana ramewa, ta rasa mai gaya mata gaskiya, sai ta riƙa tashi da asuba tana kai masa abin da ta san yana ƙara ƙarfi.

Kaka ta ce, “Ajiye takardar nan, kishiya. Ko ni da ban yi boko ba na san ba a karatu da takarda a kife.”

Ɗaki ya yi tsit. Can ta ce, “Ciwon Malam ne?” Auta ta ce shi ne. “Tun yaushe?” Tun bayan babbar sallah. “Zumar fa?” Auta ta ce ita ke tayar da shi, amma kwanan nan ba ya sha, ita ce ke zubarwa a gindin zogale. Kaka ta ɗauki carbi ta fara ja, ba tasbihi take ba, safiyoyi take ƙirgawa. Da ta kai inda ta kai sai hannunta ya kama rawa. Ta ce a ba ta ruwa. Ta sha, kofi na bugun haƙoranta. Auta ta ce a ranta shi ke nan, ta aikata.

Da la'asar kan Kaka ya yi ciwo ƙwarai, yayan Auta ya ɗauke ta a Keke Napep zuwa asibiti, aka auna aka ce jini ya hau, aka riƙe ta har bayan isha'i. Baffa ya iso gida yana huci, ya tsaya a kan Auta ya ce wa ya aike ta. Bai rufe baki ba sai ga Kaka ta shigo da ƙafarta, ta ce a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, a kira mata kowa, har da mutumin turaka.

Ta dubi Baffa ta ce, “Kai, ranar da kuka dawo daga asibiti ban kira ka ɗaki ba? Ban ce maka wannan ƙishirwar na san ta ba? Ka dubi idona ka ce an gwada, ba shi ba ne.” Baffa ya ce, “Inna, tsoro muka ji.” Ta ce ita ta wanke ƙafar ubansu safe da yamma har ranar da aka yanke ta, ita ta san abin da aka hana shi da abin da ya ci a ɓoye, duk gidan nan babu wanda ya san ciwon nan kamarta. Da aka ce mata ba shi ba ne, sai ta nemi wani abin, ta kuwa samo. “Kun ji tsoron in mutu, sai kuka bar ni ina kashe shi da hannuna, ina tofa masa addu'a a kai.” Ba wanda ya ɗaga kai. Sa'an nan ta yi abin da ba a taɓa gani ba: ta juya wajen Baba, ta ce ya miƙo ƙafafunsa. Ta sa aka haska fitila, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta duba tsakaninsu, ta duba diddige. Ta ce daga yau ko kewaye ba zai shiga ba takalmi ba.

Ranar Asabar da aka sa za a kira mai ƙosai, Kaka ta yafa mayafi ta fita da kanta, almajirin gidan na biye da ita ɗauke da galan ɗin zuma. Ta zauna a kan bencin matar a bakin layi, lokacin da mutane suka fi wucewa, ta sayi ƙosai ta ci a nan, ta ƙara, tana yabon tuya da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji. Ta ce ga zuma a ba yara. Matar ta yi ta godiya, ba ta san dalili ba. Ƙawar Kaka ta zo wucewa ta tsaya baki buɗe, Kaka ta ce ta matso ta saya mata na ɗari biyu.

Baba kuwa ya gane cewa mulkin Umma sauƙi ne. Kaka ta sa almajiri ya riƙa kai mata rahoton shago, cikin mako ɗaya aka kama lemon kwalba a bayan buhu. Kowace safiya sai ta tambayi Auta lamba, ba ta iya karanta ta ba amma ta san 140 ta fi 200 alheri. Da aka koma asibiti likita ya ce a dakata da maganar allura. Baffa ya yi kusan wata ba ya amsa gaisuwar Auta sai da ka, kuma har yau in zancen ya taso yakan ce Allah ne ya kiyaye, da tsohuwa ta faɗi da wani labarin ake yi. Ba wanda ya iya ce masa ƙarya ne.

Suka ƙarasa littafin, babi 27 cif. Da mazan suka dawo da Mina cikin shawara, ita ce ta zauna da taswira ta gano cewa ta kogi ake komar da akwatin dodon gida, suka bi shi suka tare shi a gindin fadarsa gab da faɗuwar rana, suka gama da shi da wuƙaƙe, ɗan Amurkan cikinsu, Quincey Morris, ya rasa ransa. Kaka ta ce Allah ya ji ƙan bawansa in musulmi ne, ta tambaya ko akwai na biyu.

Auta ta rubuta shafinta uku. Ba ta ce komai a kan haƙora ko akwatin ƙasa ko saukar bango ba. Ta ce abin da ya fi ba ta tsoro a littafin shi ne safiyar da uwar Lucy ta fito da fara'a tana ba likitoci labarin taimakon da ta yi wa 'yarta. Malama ta ba ta 6 cikin 10, ta rubuta da jan biro a ƙasa cewa rubutu ya yi kyau, amma ina dodon?

In ka ga makin ya yi kaɗan, mai karatu, Kaka ma haka ta gani. Har ta ɗauki mayafi ta ce a kai ta wurin malamar nan ta nuna mata inda dodon yake. Da ƙyar aka zaunar da ita, wannan karon ma sai da aka gaya mata dalili.